Daga kwarin Gongola zuwa gindin teku: yadda ake gane kayan tudu a cikin lakar teku

Ruwan Agusta da ke sauka a ƙasar Gombe da kudancin Bauchi yana tafiya da kaya: ƙasar da ta zaizaye daga kwaruruka, karan dawa, ruɓaɓɓen ganye, tokar dajin da aka ƙona. Kogin Gongola ne ke karɓa, ya ratsa ta Dadin Kowa da Kiri, ya juye a Binuwai a Numan. Binuwai ta haɗu da Kogin Neja a Lakwaja, daga nan sai Neja Delta da Tekun Gini. Arewacin Bauchi hanyarsa daban ce, domin Kogin Jama'are fadamun Haɗejiya da Nguru ya nufa, ƙarshensa Tafkin Cadi.

To idan jirgin bincike ya soka bututu a gindin Tekun Gini ya zaro laka, launinta ɗaya, warinta ɗaya, ta yaya za a san nawa ne a cikinta ya zo daga tudu, nawa ne kuma ragowar gansakuka da ƙananan halittun da suka rayu suka mutu a cikin tekun? Wane irin tsiro ne ya bayar? Kogi ne ya kawo ko iska?

Amsar tana da amfani ta fuska uku: lissafin kabon na duniya, tarihin damina, da neman man fetur. Kogunan duniya suna zuba wa teku kimanin tan miliyan 400 na kabon na ragowar halittu a shekara. Abin da ke binnewa a gindin teku gaba ɗaya bai kai rabin wannan ba, kuma mafi yawansa ma na halittun tekun ne. Ke nan ko dai kayan tudu suna ruɓewa da yawa a hanya, ko kuwa suna nan ma'auninmu ne ba ya ganinsu. John Hedges da abokan aikinsa sun fito da wannan tambaya fili a 1997, kuma duka bayanan biyu suna da ƙamshin gaskiya. Na biyun ne ya fi shafar yankinmu.

Ma'aunin da ciyawarmu ke ruɗawa

Hanya mafi araha ita ce a auna lakar a dunƙule. A busar da ita, a niƙa, a zuba mata asid na HCl da aka sirka da ruwa don ya cinye ɓawon ƙananan halittu, sannan a ƙona a na'ura a ga yawan kabon da naitirojin. Gansakukar teku tana da furotin da yawa, idan aka raba kabon ɗinta da naitirojin ana samun 5 zuwa 8. Itace da kara suna ba da 20 ko fiye. Sai dai kogi ba ɗanyen ganye yake kaiwa teku ba. Galibi ƙasa ce da ta riga ta ruɓe, tata lambar kuwa tana sauka wajen 10 zuwa 12. Yumɓu kuma yana riƙe amoniya a jikinsa, na'ura ta ƙirga shi a matsayin naitirojin na halitta, lambar ta ƙara faɗuwa. Sai kayan tudu su fito da kamar na teku.

Ma'auni na biyu shi ne nauyin kabon. Akwai kabon mai nauyi 12 da mai nauyi 13, ana auna rabonsu a rubuta shi δ13C, da lambobi na ƙasa da sifili. Itatuwa irin su ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da marke, da amfanin gona irin su shinkafa, wake, gyaɗa da auduga, suna bin hanyar haɗa abinci da ake kira C3, suna ba da kimanin −27. Halittun teku suna tsakanin −19 da −22. Da a ce duk tsirran tudu haka suke, da lissafi ya yi sauƙi, kuma a ƙasashen sanyi da aka fara amfani da wannan ma'auni kusan haka abin yake.

Gero, dawa, masara, rake, gamba da kyasuwa kuwa 'yan C4 ne, suna ba da kimanin −13. A haɗa rabi na itace da rabi na ciyawa, a samu −20, daidai lambar teku. Ga misalin ɓarnar da wannan ke yi. A ce laka ta ba da −21. Wanda ya ɗauka tudu −27 ne, teku −20, zai ce kashi 14 cikin 100 ne ya zo daga tudu. Idan kuwa kogin da ya kawo kayan ya ratso dajin ciyawa, ainihin lambarsa −22 ce, to rabin kabon ɗin na tudu ne. Miguel Goñi da abokan aikinsa sun nuna irin wannan kuskure a Tekun Meziko a 1997, inda Kogin Misisipi ke kwaso ƙasar filayen ciyawa na tsakiyar Amurka. Neja da Binuwai, da mafi yawan tafiyarsu a cikin dajin ciyawa da gonakin hatsi suke yi, sun fi cancanta a yi musu wannan zargi.

Shi ya sa ake barin awon dunƙule a koma neman ƙwayoyin sinadarai ɗaiɗai, waɗanda aka san wa ke yinsu, kuma ba sa saurin ruɓewa. Tushen wannan fanni yana komawa ga Alfred Treibs na Jamus, wanda a shekarun 1930 ya gano ragowar koren launin ganye a cikin ɗanyen mai.

Kakin ganye

Kowane ganye yana da siririn kaki a bayansa da ke hana shi bushewa. A cikin kakin akwai sinadarai masu siffar miƙaƙƙiyar sarƙa da ake kira alkan, tsawonsu daga kabon 25 zuwa 35. Abin da ya sa suka zama shaida shi ne tsiro yana fifita lambobin mara: 27, 29, 31, 33 suna da yawa, 28, 30, 32 kaɗan ne. Dalili kuwa, tsiro yana gina sarƙar da kabon bibbiyu, ta fito da lambar cika, sannan ya yanke ɗaya a ƙarshe. Geoffrey Eglinton da Richard Hamilton sun yi fitaccen bayani a kan wannan a 1967. Gansakuka gajerun sarƙoƙi take yi, 15, 17, 19. Ciyayin da ke nutse a ruwa suna tsakiya, 21 zuwa 25.

Daga nan ake fitar da lambobi biyu. CPI, wanda Bray da Evans suka kawo a 1961, shi ne a tara na mara daga 25 zuwa 33 a raba da na cika da ke tsakaninsu. Sabon kakin ganye yakan wuce 4, wani lokaci har 10 ko fiye, ɗanyen mai kuwa kusan 1 ne, domin zafin ƙarƙashin ƙasa ya share bambancin. TAR shi ne a tara 27, 29 da 31 a raba da 15, 17 da 19. Wannan na biyun a yi hattara da shi. Gajerun sarƙoƙi sun fi saurin ruɓewa, kuma ganye ya fi gansakuka yawan alkan nesa ba kusa ba, don haka TAR kullum yana ƙara wa tudu kaso. Yana da amfani wajen kwatanta sama da ƙasan bututu ɗaya, ba ya gaya maka kashi nawa ne cikin ɗari.

Aikin ɗakin gwaji kuwa haka yake tafiya. Da an yanka lakar sai a naɗe ta a takardar alminiyam ko a sa a kwalbar gilashi, waɗanda aka riga aka gasa a digiri 450 na aƙalla awa huɗu, a daskare a −20. Busarwa cikin sanyi ta fi, idan dole sai tanda kada ta wuce digiri 40. Giram 5 zuwa 20 na busasshiyar laka yakan isa, gwargwadon yawan kabon ɗinta. Kafin a fara tatsa, wato wanko sinadaran daga lakar, a zuba wani sinadari da aka san nauyinsa kuma babu shi a lakar, irin su sukwalen ko andurosten, don a san nawa aka rasa a hanya. Ana tatsa da haɗin wasu ruwaye biyu masu narkar da kitse, DCM da metanol, tara da ɗaya. A na'urar Soxhlet ana barinsa awa 24 ko fiye, a na'ura mai matsi kuwa mintuna ne a digiri 100. Lakar teku tana da farar wuta, wadda ke rufe hoton sakamako, saboda haka a jefa jan ƙarfe da aka wanke da asid a ciki. Idan ya yi baƙi a ƙara wani, har sai ya daina canja launi.

Sai rarrabewa. A cika siririn bututun gilashi da garin silika da aka gasa, a zuba abin da aka tatso. Hekzen, wani ruwan mai narkar da kitse, shi ne zai fara wanko alkan, DCM ya biyo da masu matsakaicin kama jiki, haɗin DCM da metanol ɗaya da ɗaya ya fito da sauran. Kashin farko shi ake sa wa na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta gane su da nauyinsu, mai siririn bututu na mita 30, ana ɗaga zafinta a hankali, kimanin digiri 4 a minti, har zuwa 320. A hoton sakamako a duba lambobin 57, 71 da 85, wato nauyin gutsattsarin da alkan ke farfashewa zuwa gare su a cikin na'urar. Idan samfurin na ƙwarai ne za a ga tsini dogo, gajere, dogo, gajere, a jere.

Inda aikin ke lalacewa ya fi inda yake tafiya daidai yawa, kuma wasu matsalolin namu ne na nan. DCM yana tafasa a digiri 40, zafin da Gombe ke kaiwa a Maris da Afrilu, don haka kwalbar da aka bari a buɗe a ɗakin da ba sanyi tana ƙafewa, awon ya rikice. Idan aka busar da abin da aka tatso ƙarƙaf da iskar naitirojin, gajerun sarƙoƙi su ne ke fara tashi, TAR ya hau ba gaira ba dalili. A tsaya da sauran ɗigo. Leda da murfin roba suna zubar da sinadarin da ke fitowa ƙato a lamba 149. Basilin da ake shafawa da hunturu daga fetur aka yi shi, yatsa ɗaya a bakin kwalba ya isa ya ja CPI ƙasa. Hayaƙin janareta da dizal ɗin jirgi ma haka. Hazo kansa yana ɗauke da kakin ganye, wato ƙurar da ta shigo ta taga a watan Janairu tana ƙara wa samfurin abin da ake nema. Firizar da wuta ta ɗauke mata ta narke ta sake daskarewa tana ba ƙwayoyin bakteriya damar ci gaba da aikinsu. Maganin duka ɗaya ne: a kowane rukuni a tafiyar da kwalbar da ba komai a ciki ta duk matakan, a auna ta. Sakamakon da ba a haɗo shi da awon wannan kwalba ba, bai kamata a karɓe shi ba.

A gaɓar Neja Delta akwai ƙarin matsala. Ɗanyen mai yana tsattsafowa da kansa daga gindin teku, ga kuma wanda ke malala daga bututai. A hoton sakamako yana fitowa kamar tudu a ƙarƙashin tsinayen, CPI kuma ya yi ƙasa. Wanda bai lura ba zai ce kayan tudu sun ragu. Ana tsarkake irin wannan samfuri da yuriya ta ɗakin gwaji, wadda idan ta daskare take kama miƙaƙƙun sarƙoƙi ta bar masu rassa, amma ba ta raba alkan na ganye da na fetur. Idan gurɓatar ta yi yawa gara a koma ga 'yan'uwan alkan da ke cikin kakin, wato dogayen asid na kitse masu kabon 24 zuwa 32, waɗanda ɗanyen mai ba shi da su sosai.

Babban amfanin kakin ganye yana zuwa ne idan aka auna δ13C na kowace sarƙa ita kaɗai. A nan teku ba ta da ta cewa, tunda an san sarƙar daga tudu ta zo. Kakin itace yana ba da kimanin −35, na ciyawar C4 kimanin −21, sai a lissafa kason kowanne. Amma a lura da sarƙar da aka zaɓa. Itatuwa sun fi zuba 29, ciyawa ta fi ƙarfi a 31 da 33. Wanda ya auna 29 kaɗai zai ga daji ya fi yadda yake duhu, wanda ya auna 33 zai ga fili. A kawo duka.

Liginin da ƙwayoyin ƙasa

Liginin shi ne abin da ke sa itace da kara su tsaya. Gansakuka ba ta yinsa, don haka shaida ce mai ƙarfi. Ba ya narkewa a ruwan tatsa, sai an farfasa shi. Hanyar da Hedges da Ertel suka tsara a 1982 ita ce a sa laka mai ɗauke da miligiram kaɗan na kabon a ƙaramar tukunyar ƙarfe mai murfi, da garin CuO, wato haɗin jan ƙarfe da oksijin, da ɗan gishirin ƙarfe mai kama iskar oksijin, da ruwan soda mai ƙarfi, a kori iskar ciki da naitirojin, a dafa a digiri 170 na awa uku. Idan oksijin ya saura a ciki zai ƙona abin da ake nema ya mai da shi asid, sakamakon ya nuna ruɓewar da ba ta faru ba. Wannan ne kuskuren da aka fi yi.

Sinadarai takwas ake ƙirgawa, a gida uku da aka yi wa laƙabi da haruffa: V guda uku, S guda uku, C guda biyu. A Turai da Kanada rabon S da V ne abin kallo, domin itatuwan fayin ba sa yin S. A nan bai faɗi abu mai yawa ba, kusan duk tsirranmu masu fure ne. Rabon C da V ya fi mana amfani: katako yana ba da kusan sifili, ciyawa da ganye suna ba da mai yawa. Sai dai gidan C da na S sun fi V saurin lalacewa, ga gara da naman gwari suna cin liginin tun a gona. Karan dawa da ya shekara a ƙasa yana iya isa teku da lambar da ta yi kama da ta katako. Saboda haka kullum a duba rabon asid da aldehaid, wato iri biyu daga cikin sinadaran gidan V. Sabon tsiro yana wajen 0.1 zuwa 0.3, idan ya haura 0.4 kayan sun sha ruɓa, sai a rage yarda da rabon C da V.

A 2004 Ellen Hopmans da abokan aikinta a cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan suka kawo wata hanya da ba ta dogara da tsiro ba. Wasu bakteriya na cikin ƙasa suna gina fatarsu da kitse mai rassa da ake kira GDGT. Wasu ƙananan halittu na teku kuma suna yin wani iri mai suna kirenakiyol. A tara masu rassa uku, a raba da jimillarsu haɗe da na tekun, a samu BIT, daga 0 zuwa 1. Kusa da 1 ƙasar tudu ce, kusa da 0 tsakiyar teku. Ana ɗaukar kashi na ƙarshe na bututun silika, a narkar da shi a hekzen da ɗan aisofurofanol, a tace ta matata mai ramin maikuron 0.45, a sa a na'urar HPLC-MS, 'yar'uwar GC-MS da ke aiki da ruwa, a duba lambobi 1050, 1036 da 1022 na masu rassa, da 1292 na kirenakiyol.

Sauƙin karanta shi ya sa aka rungume shi da sauri, daga baya aibunsa suka fito. Ƙasa busasshiya mai kanwa-kanwa tana da nata kirenakiyol, BIT ɗinta ba ya kaiwa 1, irin wannan ƙasa kuwa ba baƙuwa ba ce a arewa. Masu rassan ana yinsu a cikin kogi da tafki, har da cikin lakar tekun kanta. Sannan lambar rabo ce: idan halittun teku suka ragu BIT zai hau ko da kogi bai ƙara kawo komai ba. A ganina duk wanda zai kawo BIT ya kawo ainihin nauyin kowane sinadari a giram ɗaya na kabon tare da shi, in ba haka ba ba a san wane ɓangare ne ya motsa ba.

Akwai wasu ƙanana. Tarakzerol yana da yawa a ganyen mangurob, itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri na Neja Delta, don haka yana nuna kayan gaɓa, ba na can cikin ƙasa ba. Lebogulukosan yana fitowa ne idan an ƙona ciyawa ko itace, shaidar gobarar daji ke nan, amma yana narkewa a ruwa ya ɓace da wuri. Sitosterol an daɗe ana ɗaukarsa na tudu, sai aka gano wasu gansakuka ma suna yinsa.

Idan alamomin suka saɓa

Sau da yawa laka ɗaya takan ba da amsa uku: liginin ya ce kaɗan, BIT ya ce matsakaici, kaki ya ce da yawa. Ba lalle kuskure ba ne. Ruwa yana yi wa kayan abin da sheƙa ke yi wa hatsi, mai nauyi ya zube a gindi, ƙaiƙayi ya tafi nesa. Liginin yana cikin gutsattsarin itace da kara, waɗanda ke kwantawa da yashi a bakin kogi. Kaki da GDGT suna manne da yumɓu mai laushi, wanda igiyar ruwa ke kaiwa ɗaruruwan kilomita. Bututu biyu da ke kusa da juna, ɗaya mai yashi ɗaya mai yumɓu, za su saɓa ko da kogi ɗaya ne ya cika su. Don haka a auna girman ƙwayar lakar kafin a kwatanta.

Iska ma tana da nata kason. Hazon da ke rufe Bauchi daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda mai yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi, yana gogar ganye da busasshiyar ƙasa a hanya, ya kai kakin har tsakiyar Tekun Atalantika. Charles Darwin ya tara irin wannan ƙura a kan jirgi kusa da tsibiran Kef Bad a 1832. Lakar da kakinta ke da yawa amma liginin kaɗan, BIT kusan sifili, iska ce ta kawo kayanta.

Sai shekaru. Ana sanin shekarun laka da kabon 14 na ɓawon ƙananan halittun teku, wanda ke aiki zuwa kimanin shekara 50,000, ko da dalma mai nauyi 210 idan shekara ɗari da 'yan kai na baya ake nema. Amma kakin da ke kwance tare da ɓawon yana iya girme shi da ɗaruruwa ko dubban shekaru, domin ya zauna a ƙasar gona da fadama kafin ruwa ya ɗauke shi. Tun 1996 Timothy Eglinton ya nuna yadda za a ware sinadari ɗaya a auna shekarunsa, kuma inda aka gwada an sha samun wannan tazara. Wanda ke neman farin shekarun 1970 da 1980 a kakin ganye ya sani saƙon ya gauraye da tsohon kaya. Madatsun ruwa sun ƙara dagula saman lakar: Kainji a 1968, Kiri da Lagdo ta Kamaru a 1982, Dadin Kowa a 1984. Kowacce tana tare manyan ƙwayoyi ta saki masu laushi. Ga mai son sanin abin da Gongola ke ɗauka, lakar bayan madatsar Dadin Kowa ta fi gindin teku kusa da kuma araha, matakan gwajin kuwa ɗaya ne.

A dogon zango dai hanyar ta yi aiki. Haidirojin na cikin kakin ganye daga ruwan sama ya zo, kuma idan damina ta yi ƙarfi nau'insa mai nauyi yana raguwa. Awon wannan a bututun da aka zaro daga gaɓar Afirka ta Yamma ya nuna Sahara ta yi kore tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe ta yau a 1987, mai kimanin shekara 8,000, a wannan zamani aka sassaƙa shi. A bakin Kogin Kwango kuma, GDGT na ƙasa ya nuna tsakiyar Afirka ta ƙara zafi da kimanin digiri 4 tun ƙarshen zamanin ƙanƙara.

Tekun da ke ƙarƙashin Gombe

Ba sai an je Legas ba kafin a taɓa lakar teku. Kimanin shekara miliyan 90 zuwa 95 da suka wuce teku ta shigo kwarin Binuwai har zuwa nan. Dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka a cikinta ya kwanta, haka baƙin dutsen yumɓu da masana suka sa wa sunan Pindiga. Daga baya koguna suka cike wurin da yashi da fadamu, su ne suka bar kwal ɗin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko. Tambayar da masu neman mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, suke yi wa waɗannan duwatsu ita ce dai ta farko: kayan tudu nawa, na teku nawa. Ragowar gansakuka ta fi ba da mai, ragowar itace ta fi ba da gas. A awon Rock-Eval, inda ake gasa garin dutse a auna man da ya fitar, ragowar gansakuka takan ba da lambar haidirojin 300 zuwa 600, ta itace 50 zuwa 200. Ɗalibai a jami'ar ATBU, inda cibiyar binciken man fetur ta ƙasa take, da na jami'o'in Gombe da Kashere, a kan irin waɗannan duwatsu za su fi samun kansu suna aiki.

A dutse alamomin sun canja. Liginin da GDGT sun tafi, CPI yana gangarawa zuwa 1 yayin da dutsen ke nuna da zafi, saboda haka ƙaramin CPI a nan ba ya nufin babu tudu. Sai a koma ga wasu sinadaran da suka fi jure zafi. Ana duba isteren a lamba 217, inda mai kabon 29 ya fi karkata ga tsirran tudu, 27 ga gansakuka. Rabon wasu sarƙoƙi biyu masu rassa, firisten da faiten, idan ya wuce 3 yana nuna kayan tudu da suka kwanta a wuri mai iska, irin na kwal. Sai oliyanen a lamba 191, wanda ke fitowa daf da wani sinadarin bakteriya, hofen mai kabon 30. Daga tsirrai masu fure yake zuwa, kuma ɗanyen man Neja Delta ya yi suna da yawansa. Chukwuemeka Ekweozor na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka yi aikin farko a kansa tun ƙarshen shekarun 1970.

Ganin oliyanen shaida ce, rashinsa ba shaida ba ce. Tsirrai masu fure ba su mamaye ƙasa ba sai wajen ƙarshen zamanin Kiretashiyos, wato zamanin da tekun nan ta shigo, don haka tsohon dutse irin yashin Bima yana iya cika da kayan tudu ba tare da shi ba. Ya fi samuwa inda ganye ya haɗu da ruwan gishiri, kwal ɗin fadamar ruwan daɗi kuwa yakan zo da kaɗan. Wani sinadari mai suna lufen yana fitowa a daidai wurinsa a bututun da aka saba amfani da shi, ya kumbura lambar. Samfurin da aka tsinta a bakin rafi ko gefen hanya rana da ruwa sun riga sun ci kabon ɗinsa, sai an haƙa an wuce inda launin ya koɗe an kai ga baƙin dutse. Na rijiyar mai kuma a tambayi irin lakar da aka yi haƙan da ita. Idan mai dizal ce, a auna ita ma a gefe kafin a karanta komai daga tsinayen alkan.